Yadda Ake Gane Ƙwarin Aisofod na Teku: Daga Kamawa Zuwa Sanin Danginsu

Masu karatu da dama, musamman ɗaliban nazarin halittun ruwa, suna ta turo tambaya iri ɗaya: an samo wani ɗan ƙwaro mai ƙafafu da yawa a ƙarƙashin dutse a bakin teku, ko maƙale a jikin kifi, ta yaya za a san ko aisofod ne, kuma wane dangi ne? Aisofod 'yan uwan kaguwa da jatan lande ne. An siffanta fiye da jinsi 10,000 nasu, dubbai daga ciki a teku suke, kuma girmansu ya kama daga wanda bai kai milimita ɗaya ba har zuwa Bathynomus giganteus na zurfin teku da ke wuce santimita 30. Da wannan yawa, babu wanda zai haddace su. Abin da ake koyo shi ne tsarin dubawa, abu bayan abu, ba a tsallake. Ga shi nan yadda yake bi.

1. Tanadin kayan aiki

Don zuwa bakin ruwa kana buƙatar bokiti, rariya mai ido rabin milimita ko milimita ɗaya, farin faranti mai ɗan zurfi, hantsaki mai laushin baki, ƙaramin burushi irin na zane, ƙananan kwalabe masu murfin da ba ya yoyo, fensir da takarda mai ƙwari. Sai etanol, wato barasa mai ƙarfi, na adanawa.

A ɗakin aiki kuwa madubin ƙara girma iri biyu ake so. Na farko mai ido biyu, wanda ke ƙara girma sau 10 zuwa 40, shi ne na duba dukkan jiki da na fiɗa. Na biyu mai ƙarfi, sau 100 zuwa 400, na duba gaɓoɓin da aka cire ne. Sai allurai masu tsinin gaske, gilisarin (wani ruwa mai kauri da yauƙi), da gilasan ɗora samfuri.

Maganar kuɗi: kusan dukkan nauyin yana kan madubin nan biyu, sauran kayan ba su taka kara sun karya ba. Idan ɗaya kawai za ka iya samu, ɗauki mai ido biyu, domin da shi za ka kai ga dangi a mafi yawan lokuta. Wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba shi ne kwalabe. Murfin da ke barin etanol ya tsere zai busar maka da samfurin da ka sha wahalar samu, kuma busasshen aisofod ƙafafunsa karyewa suke yi da an taɓa.

2. Kamawa

Ka je lokacin da ruwan teku ya janye sosai. Ɗaga duwatsu ka duba ƙasansu, ka share abin da ke manne da burushi zuwa cikin faranti. Ciyawar teku kuwa, ka cusa ta a bokiti, ka zuba ɗan ruwan da ba na gishiri ba, ka girgiza na minti ɗaya ko biyu. Ƙwarin za su saki ciyawar su faɗo, sai ka tace da rariya ka mayar da su ruwan teku nan da nan. Yashi ma tacewa ake yi. Ruɓaɓɓen katakon da ya daɗe a ruwa, idan ka gan shi da ƙananan ramuka, ka ɓantari yanki ka tafi da shi, akwai masu hudar itace a ciki. Masu cin mushe kuma ana kama su da kwalba mai ƙaramar ƙofa da aka sa yankan kifi a ciki aka bari ta kwana a ruwa.

Gargaɗi: ka san lokacin dawowar ruwa kafin ka sauka, kada ya rutsa da kai kana sunkuye. Kowane dutse ka ɗaga, mayar da shi yadda ka same shi, domin halittun da ke ƙasansa mutuwa suke yi idan aka bar su a rana. Ƙasashe da yawa suna buƙatar izini kafin a ɗebi halittu, musamman a wuraren da aka keɓe, kuma fitar da samfuri zuwa wata ƙasa yana da nasa ƙa'idojin ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Nagoya ta 2010.

Idan a jikin kifi ka same shi, kada ka fizge shi. Faratansa sun shige nama, fizga za ta bar su a can, alhali faratan nan ake dubawa wajen ganewa. Ka ɓamɓare ƙafa ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ko ka yanke ɗan naman da yake riƙe da shi. Ka kula da yatsunka, manyansu suna cizo. Sannan ka rubuta irin kifin da ainihin wurin da ƙwaron yake: baki, fata, ko wurin numfashi.

3. Hoto, kwantarwa, adanawa

Ɗauki hotonsa yana da rai, da ma'auni a gefensa. Launi yana gushewa cikin etanol, hoton ne kawai zai riƙe maka shi.

Kada ka jefa shi kai tsaye cikin etanol mai ƙarfi yana motsi. Wasu za su dunƙule su ƙage a haka, wasu su zubar da ƙafafu. A fara kwantar da shi cikin ruwan maganeziyam kuloraid kimanin kashi 7 cikin 100, ko a riƙa ɗiga etanol kaɗan-kaɗan cikin ruwan da yake ciki har ya daina motsi. Daga nan sai adanawa. Don duba siffar jiki, etanol kashi 70 zuwa 80 ya wadatar. Don binciken ƙwayar halitta ta DNA, sai kashi 95 ko 96, amma wannan yana sa jiki ya yi gautsi. Idan ka sami da yawa iri ɗaya, raba su biyu, kowane kashi da nasa. A canza etanol ɗin bayan kwana ɗaya, domin ruwan jikin dabbar yana rage masa ƙarfi.

Gargaɗi: fomalin, wani sinadarin adanawa, yana riƙe siffa da kyau, amma yana lalata DNA kuma guba ne ga mai shaƙarsa. Wanda ba shi da ɗakin da iska ke ratsawa ya bar shi. Etanol kuma yana kama wuta.

Takardar bayani a cikin kwalbar take zama, da fensir, domin tawadar biro narkewa take yi. Ka rubuta wuri, kwanan wata, zurfi, abin da aka same shi a kai, da sunan wanda ya kama. A ganina wannan 'yar takarda ta kai rabin darajar samfurin. Aisofod da ba a san inda ya fito ba, ko an gane sunansa, ba zai amfani kowane bincike ba.

4. Tabbatar da cewa aisofod ne

A nan masu farawa suka fi tuntuɓe. Sa shi a farantin gilashi, etanol ya rufe shi gaba ɗaya, ka dube shi ta sama.

Jikin aisofod a baje yake daga sama zuwa ƙasa, ba shi da babban ƙoƙon da ke rufe ƙirji irin na kaguwa, idanunsa kuma a manne suke da kai, ba a kan sanda ba. Jikin kashi uku ne. Akwai kai, mai ɗauke da eriya biyu-biyu har sau biyu, gajeru da dogaye. Akwai ƙirji mai gaɓa 7, kowace da ƙafa biyu, wato ƙafafu 14. Sai ciki, mai gajerun gaɓoɓi har 5 da farantin wutsiya a ƙarshe.

Yanzu juya shi rigingine. A ƙarƙashin ciki za ka ga wasu faffaɗan ganyayyaki masu laushi, jeri 5, sun hau kan juna. Da su yake numfashi, da su kuma da yawansu ke iyo. Littattafai suna kiransu pleopoda. Bayan su akwai ƙafafun wutsiya guda biyu kacal, ɗaya dama ɗaya hagu, su ne uropoda.

Masu kama da shi biyu ne suka fi ruɗarwa. Amphipoda jikinsu a matse yake ta gefe, suna kwanciya kan haƙarƙari a faranti, kuma ƙafafun wutsiyarsu jeri uku ne. Tanaidacea kuwa ƙafarsu ta farko almakashi ce, kuma gaɓoɓin ƙirjinsu da ake gani a sake 6 ne.

Gargaɗi: ƙirgen ƙafafu yana iya yaudararka. Jaririn aisofod, wanda ake kira manka, yana fitowa da jerin ƙafa 6, na bakwai sai daga baya. Kada ka ce ka gano sabon abu. Haka kuma idan ka ga rabin jiki na baya ya fi na gaba faɗi ko haske, ba nakasa ba ce. Aisofod yana saɓa a mataki biyu, rabin baya da farko, rabin gaba bayan wani ɗan lokaci.

5. Duba wutsiya: nan rukuni yake bayyana

Idan akwai mataki ɗaya da zan roƙi kowa ya ɓata lokaci a kansa, wannan ne. Mutane suna kallon baya da launi su tafi neman hoto mai kama a intanet. Launin aisofod ɗaya yana iya bambanta gwargwadon ciyawar da yake zaune a kai, Idotea balthica kaɗai ana samun ta kore, ruwan ƙasa, mai ratsi da mai ɗigo. Siffar ƙafafun wutsiya da wurin da suka fito kuwa ba sa canzawa haka. Don haka ka bar shi a rigingine, ka yi wa kanka waɗannan tambayoyi a jere.

Na ɗaya: ana ganin ganyayyakin numfashi, ko an rufe su? Idan ƙafafun wutsiya sun lanƙwaso ƙarƙashin ciki sun rufe su kamar ƙofa mai ganye biyu, ka sa tsinin allura a tsakiya za su buɗe dama da hagu, to Valvifera ne. Ta sama ba za ka ga ƙafar wutsiya ko ɗaya ba. A cikinsu akwai dangin Idoteidae, dogaye masu zama cikin ciyawar teku, da Arcturidae, sirara masu dogayen eriya da ƙafafun gaba masu gashi na tace abinci.

Na biyu: ƙafafun wutsiya sirara ne da suka fito daga can ƙarshen jiki, gaɓoɓin ciki kuma sun haɗe kusan duka sun zama faranti ɗaya babba? Wannan Asellota ne. A bakin teku ƙanana ne, irin su Jaera da ke ƙarƙashin duwatsu, amma a zurfin teku su ne suka fi kowane rukuni yawan jinsi. A wurin macensu, wani ganye guda ne ke rufe sauran ganyayyakin numfashi, kada ka rikita shi da ƙofar Valvifera, wadda biyu ce.

Na uku: jikin dogo ne siriri, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau da yawa, kuma reshen waje na ƙafar wutsiya (reshe biyu gare ta, na ciki da na waje) ya lanƙwaso kan farantin wutsiya ta sama? Anthuroidea ke nan, mazauna ramuka da bututun tsutsotsi.

Na huɗu: ƙafafun wutsiya faffaɗa ne, sun fito daga gefen farantin wutsiya? A nan aiki yake, domin dangogi da yawa suna da wannan siffa, sai an koma ga ciki da ƙafafu.

Idan gaɓoɓin ciki sun haɗe har kamar biyu kawai ake gani, bayan ya yi tudu, dabbar kuma tana dunƙulewa idan an taɓa ta, Sphaeromatidae ne. Ka gwada reshen ƙafar wutsiya da allura: na ciki a kafe yake, na waje ne ke motsi. Sphaeroma terebrans, mai hudar saiwoyin mangurob, itacen da ke fitowa a ruwan gishiri na bakin teku, ɗan wannan dangi ne. Idan jikin a shimfiɗe yake ƙwarai, kusan zagayayye, ka nemi Serolidae, waɗanda suka fi yawa a tekunan kudancin duniya.

Idan ɗan ƙarami ne, milimita kaɗan, kuma daga cikin katako ya fito, Limnoria ne. Farantin wutsiyarsa zagayayye ne, kuma ƙananan ƙuraje da tudun da ke kansa su ke raba jinsi: Limnoria tripunctata uku gare shi, Limnoria quadripunctata huɗu. Sai ka share dattin da ke kan farantin da burushi kafin ka gan su.

Idan gaɓoɓin ciki 5 a rarrabe suke sarai, wutsiya kuma ta baje, sai ka wuce mataki na gaba, ƙafafu ne za su raba gardama.

6. Duba ƙafafun ƙirji

Kowace ƙafa tana ƙarewa da farce. Abin dubawa shi ne farce nawa ne suka zama ƙugiya.

Idan duk ƙafafun na tafiya ne, ko na baya sun yi faɗi da gashi don iyo, Cirolanidae ne, masu farauta da cin mushe. Eurydice pulchra da ke iyo a bakin yashi da Bathynomus na zurfin teku duk nan suke. Idan jeri uku na gaba ƙugiyoyi ne, huɗun baya na tafiya, idanu kuma manya, Aegidae ne, waɗanda ke kama kifi su sha jini su sake shi. Idan duka jeri bakwai ƙugiyoyi ne masu kauri, Cymothoidae ne, masu zama dindindin a jikin kifi. Cymothoa exigua, wanda ke maye gurbin harshen kifi, shi ne ya fi suna a cikinsu, shi ya sa duk wanda ya ga ƙwaro a bakin kifi sai ya laƙaba masa wannan suna. Kuskure ne. Jinsunan da ke zama a bakin kifi suna da yawa, shi kuwa wannan na gabashin tekun Fasifik ne.

Dangi biyu sun fita daga wannan tsari gaba ɗaya. Gnathiidae jerin ƙafafun tafiyarsu 5 ne kawai. Namijin yana da ƙaton kai da muƙamuƙai biyu da suka miƙo gaba, macen kanta ƙarami ne jikinta a kumbure, 'ya'yan kuma su ne ke shan jinin kifi har tsakiyar jikinsu ya cika ya yi ja. Ukun nan ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Bopyridae kuwa a jikin jatan lande da kaguwa suke: idan ka ga kumburi a gefe ɗaya na ƙoƙon jatan lande, ɗaga shi a hankali, za ka tarar da mace karkatacciya, da ɗan mitsitsin namiji maƙale a bayanta. Ka adana su ukun, mace, namiji da jatan landen, a kwalba ɗaya.

Wanda ka kama yana gudu a kan busassun duwatsu sama da ruwa, mai manyan idanu da dogayen ƙafafun wutsiya masu reshe biyu, Ligia ne, daga rukunin Oniscidea na tudu.

7. Namiji ne ko mace, babba ko yaro

Ba a kai wa ga jinsi, wato ainihin irin ƙwaron, sai an san wannan. Macen da ta balaga tana da wasu siraran faranti da ke fitowa daga gindin ƙafafu su haɗu a ƙarƙashin ƙirji su zama jakar ƙwai. Namiji yana da 'yan tsinaye biyu a ƙarƙashin gaɓar ƙirji ta bakwai, da wani siririn sanda a gefen ciki na ganyen numfashi na biyu. Tsawon wannan sanda da siffar bakinsa suna cikin manyan alamomin da ake raba jinsi da su.

Gargaɗi: mafi yawan jagororin ganewa a kan baligin namiji aka gina su, musamman a Sphaeromatidae da Gnathiidae, inda namiji ke da ƙahonni ko tsinaye da mace ba ta da su. Idan mace ko yaro kawai gare ka, ka tsaya a dangi ko zuriya, wato matakin da ke tsakanin dangi da jinsi. A Cymothoidae kuma, ƙwaro yana fara rayuwa namiji ne sannan ya koma mace, don haka ƙarami da babba da ka samu a kifi ɗaya mai yiwuwa ƙwaro iri ɗaya ne, kuma a wurinsu babbar macen ake dubawa.

8. Awo da fiɗa

Auna tsawo daga gaban kai zuwa ƙarshen farantin wutsiya, ban da eriya da ƙafafun wutsiya. Sannan ka zaɓi wanda za ka feɗe, kuma kada ya zama shi kaɗai ne gare ka idan da hali.

Sa ɗigon gilisarin a gilashi, ka ɗora shi. Gilisarin ba ya bushewa, kuma yana hana gaɓoɓi tsalle su ɓace. Riƙe jikin da allura ɗaya, ka cire da ɗayar, daga gindin gaɓar kake turawa, ba ja daga baki ba. Fara daga baya zuwa gaba: ƙafar wutsiya, ganyayyakin numfashi, ƙafafun ƙirji, eriya, sai sassan baki a ƙarshe domin su suka fi wuya. Ka cire na gefe ɗaya kawai, ka bar ɗaya gefen cikakke don wanda zai duba bayanka. Kowace gaɓa da nata gilashi da lambarta a take, domin ƙafa ta huɗu da ta biyar, da zarar sun haɗu a wuri ɗaya, da wuya ka sake bambanta su.

Ka zana abin da ka gani ko da kana da kyamara. Zane yana tilasta maka ƙirga ƙayoyi da gashin da ke kan kowace gaɓa, waɗanda ido ke wucewa a hoto.

9. Bin jagorar ganewa da tantance suna

Nemi jagorar yankin tekun da samfurin ya fito. Jagorar wani yanki za ta kai ka ga wani suna ko da dabbar ba ta cikinta, domin kowace tambaya dole ka zaɓi ɗaya cikin biyu. Saboda haka idan ka isa ga suna, ka nemo cikakken bayanin jinsin da zanensa ka gwada gaɓa da gaɓa. Abu ɗaya muhimmi ya saɓa, ka koma baya.

Gargaɗi: tsoffin littattafai suna tara Cirolanidae, Cymothoidae, Sphaeromatidae, Limnoria da wasu a rukuni ɗaya mai suna Flabellifera. A 2003 masana Angelika Brandt da Gary Poore suka sake tsara shi, aka rarraba su zuwa Cymothoida, Sphaeromatidea da Limnoriidea. Tsohuwar jagora tana da amfani har yanzu wajen duba siffa, amma sunan da ta ba ka sai ka duba shi a rajistar halittun teku ta duniya, WoRMS, wadda ke intanet kyauta, ka ga ko shi ne karɓaɓɓe a yau.

Idan ka kai ga zuriya ka kasa wucewa, rubuta sunan zuriyar ka bi shi da sp., misali Cirolana sp. Wannan amsa ce ingantacciya, kuma ta fi sunan da aka yi cinke, musamman da yake akwai jinsunan aisofod masu yawa da ba a siffanta ba tukuna. Daga nan ka mayar da dabbar kwalbarta tare da takarda ta biyu mai ɗauke da sunan da ka ba ta, sunanka da shekara, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu, kana duba etanol ɗin duk bayan 'yan watanni kana cikawa. Wanda ka adana a kashi 96, a firiza ya fi daɗewa, kuma ƙafa ɗaya daga jikinsa ta isa a tura don binciken DNA.